Ɗakunan Haske Da Shaidar Ido

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma babu wata sana'a da ta ɗauki wannan karin magana ta rataya a wuya kamar tamu ta aikin jarida. Idan wakili ya komo daga inda aka aike shi, tambayar farko da edita kan jefa masa ita ce, "Ka gani da idonka, ko kuwa gaya maka aka yi?" In ya ce shi ganau ne, sai a nemar wa labarinsa wuri a shafin farko. In kuwa jiyau ne, sai a ce ya koma ya nemo tabbaci. Haka aka koya mana a makarantar aikin jarida, haka kuma muka tarar ana yi a ɗakin labarai. To, amma akwai waɗansu gwanaye a Amurka da ƙasashen Turai waɗanda suka shafe wajen shekara 60 suna gina ɗakuna domin su nuna wa ɗan Adam cewa idon nan da yake taƙama da shi shaida ne wanda sai an bi shi sannu a hankali. A kan aikinsu nake so in yi magana a wannan mako, domin lalle akwai abin da ya shafe mu a ciki, mu masu rubutawa da ku masu karantawa.

Da an ce fasaha, abin da kan zo ran mutum shi ne zane a jikin bango, ko sassaƙa, ko ƙwaryar da aka yi wa ado, watau abin da za ka tsaya a gabansa ka kalla. Wannan irin kuwa shigarsa ake yi. Mai fasahar yakan sami ɗaki guda, ya shafe bangonsa da farin fenti, ya toshe tagogi, ya ɓoye fitilu inda ba za a gan su ba, sa'an nan ya ce a shigo. Ka shiga ka duba gabas da yamma, babu hoto babu mutum-mutumi, sai haske da sarari kawai. Abin da aka shirya maka ka kalla shi ne yadda naka ganin yake aiki. Wannan salo ya tsiro ne a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka a cikin shekarun 1960, a hannun mutane irin su Robert Irwin da Doug Wheeler da James Turrell, har aka laƙaba wa ƙungiyar tasu sunan masu Haske da Sarari.

A cikinsu wanda sunansa ya fi tashi shi ne James Turrell. An haife shi a birnin Los Anjeles a 1943, ya sami takardar izinin tuƙa jirgin sama yana da shekara 16, kana ya karanta ilmin yadda hankalin mutum ke fahimtar abin da gaɓoɓinsa suka kawo masa a kwalejin Pomona, ya gama a 1965. A 1966 ya kama hayar wani tsohon otal a Santa Monika mai suna Mendota, ya liƙe tagogi, ya shiga gwaje-gwaje. Ɗaya daga cikin ayyukansa na farko, wanda ya kira Afrum, ba kome ba ne illa majigi da aka haska a kusurwar ɗaki mai duhu. Amma saboda yadda ya yanka hasken, duk wanda ya tsaya daga nesa sai ya ga wani farin dunƙule mai siffar ƙwayar sukari, ƙato, yana reto a iska ba igiya ba tsani. In ka matsa kusa sai dunƙulen ya baje, ka ga ashe haske ne kwance a jikin bango biyu. Majigin bai motsa ba, bangon bai motsa ba. Dunƙulen nan mai kallo ne ya gina shi a cikin kansa, shi ne kuma ya rushe shi da ya taka ƙafa.

A 1968 da 1969 Turrell da Irwin suka haɗa kai da wani masani mai suna Edward Wortz, suka shiga binciken wani abu da Jamusawa ke kira ganzfeld, watau fili guda ɗaya tak. Wani malamin Jamus, Wolfgang Metzger, shi ne ya yi fice da gwada shi tun a 1930. Idan aka cika wa mutum ido da haske iri ɗaya ta kowane gefe, ba layi, ba inuwa, ba kusurwa, to idon ba ya samun abin da zai kama. Ba za ka iya cewa bango yana taku 2 daga gare ka ko taku 200 ba, kuma in aka jima launin da kansa sai ya dusashe. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa tafiya a fili fetal ran da hazon hunturu ya sauka sosai, sama da ƙasa suka zama abu guda, har jiragen sama suka kasa sauka a Kano. Matuƙin jirgi da ya shiga cikin gajimare ya san in ya bi abin da jikinsa ke gaya masa ya bar na'urorin gabansa, zai iya kifewa yana zaton a miƙe yake. Turrell matuƙi ne, ya san wannan hali, sai ya ɗauko shi ya zuba a ɗaki. A 1980, da aka baje ayyukansa a gidan nune-nune na Whitney a birnin Niyok, waɗansu masu kallo suka faɗi a cikin irin wannan ɗaki. Wata mata ta ga abin da ta ɗauka bango ne, ta jingina, ashe haske ne. Ta faɗi ta karye a hannu, magana har ta kai gaban alƙali. Ka ga wannan baiwar Allah ganau ce, ba wanda ya ba ta labarin bangon nan.

Dalilin haka kuwa masana sun daɗe da gano shi. Ido ba ya kai wa ƙwaƙwalwa duniya a dafe. Ɗanyen kaya yake kai mata, ita kuma ta haɗa da abin da ta saba da shi, ta yanke hukunci cikin ƙiftawa, har mutum bai san an yi shari'a a cikin kansa ba. Malamin nan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekara ta 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana wannan a littafinsa Kitabul Manazir. Shi ne ya tsayar da hujja cewa haske ne ke fitowa daga abubuwa ya shiga ido, ya kuma yi gwaji da ɗaki mai duhu da 'yar ƙaramar kafa. Ya nuna cewa sanin nisan abu da girmansa da siffarsa aikin ƙiyasi ne, har ya keɓe kashi na 3 na littafin kacokan a kan kurakuran gani. Abin da malamin ya rubuta a takarda shekara 1,000 da suka shige, shi ne waɗannan gwanaye suka gina da tubali da fitila domin wanda bai karanta ba ma ya ɗanɗana.

Aikin Turrell da ya fi yaɗuwa shi ne abin da za mu iya kira ɗakin kallon sama, wanda akwai fiye da 80 a ƙasashe dabam-dabam. Ɗaki ne da aka kewaye da dakali, aka yanke wata kafa mai kusurwa 4 ko mai da'ira a tsakiyar rufinsa. An fiƙe bakin kafar ya yi kaifi kamar aska, domin kada ido ya ga kaurin rufin. Saboda haka sai sama ta daina zama abu mai nisa, ta sauko ta kwanta a rufin kamar an shimfiɗa shuɗin yadi. Ana zuwa ne da asuba ko da almuru. Fitilun da aka ɓoye a bayan dakali su riƙa sauya launin bango a hankali, kai kuma kana zaune sai ka ga sama tana sauyawa. In bango ya yi ruwan ɗorawa, sama ta yi shuɗi mai duhu kamar an tsamo ta daga karofi. In bango ya yi ruwan hoda, sai ta karkata zuwa kore. Wanda ke tsaye a waje kuwa sama ɗaya yake gani tun ɗazu. Akwai irin wannan ɗaki a unguwar Kwins ta Niyok da aka buɗe a 1986, akwai kuma wani babba a Jami'ar Rice da ke birnin Hustan, wanda aka gama a 2012.

Sirrin abin shi ne launi ba ya tsayawa shi kaɗai, maƙwabcinsa ne ke yanka masa suna. Wani masanin Faransa, Chevreul, wanda aka ba shugabancin sashen rini na masaƙar Gobelins a birnin Paris a 1824, ya sha ƙorafi cewa baƙin zarensu ba ya yin baƙi sosai. Da ya bincika sai ya tarar rinin ba shi da aibi, launukan da ake jerawa kusa da shi ne ke rage masa ƙarfi, ya kuwa wallafa littafi a kan haka a 1839. Maɗinkan babbar riga na garuruwanmu ba su karanta Chevreul ba, amma ka tsaya ka ga yadda suke kara zare a jikin shadda kafin su zaɓa, kuma ka lura da yadda mai sayen atamfa kan ce a fito masa da ita bakin rumfa ya gani a rana. Dukansu sun san hasken da ke kewaye da abu yana da hannu a cikin abin da ido zai faɗa.

Wanda ya fi taɓa zuciyata a cikin ayyukan nan yana wani ɗan tsibiri na ƙasar Japan mai suna Naoshima. A 1999 maginin nan Tadao Ando ya gina wani ɗakin katako a wurin da wani tsohon ɗakin ibada ya taɓa zama, Turrell kuma ya shirya cikinsa. Ana shigar da mutane suna lalubar bango da hannu, domin duhu ne na ƙin ƙarawa, a zaunar da su a benci a ce su jira. Da farko ba ka ganin ko tafin hannunka. Bayan 'yan mintoci sai wani dishi-dishin haske mai kusurwa 4 ya fara bayyana can gaba, ya yi ta ƙaruwa har ka iya miƙewa ka nufe shi. Alhali kuwa babu wanda ya taɓa makunni. Hasken nan yana nan tun kafin ka shigo, idonka ne bai iso ba. Masana sun ce a can bayan ido akwai ƙwayoyi iri biyu, masu aikin rana da ke rarrabe launi, da masu aikin dare, kuma na daren sukan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin su kai ga cikakken ƙarfinsu.

Da na karanta bayanin ɗakin nan sai na tuna da zauren kakana. Muna yara, in aka aike ni da tsakar rana na faɗa zauren a guje, ba na ganin kome sai baƙi. Sai in ji muryar tsoho daga wani gefe yana cewa, "Tsaya tukuna, ɗan nan, kada ka taka mini baƙi." In na tsaya, sai rawani ya fara fitowa, sa'an nan gemu, sa'an nan buzu da buta, daga ƙarshe in ga ashe dattawa 5 ko 6 ne zaune suna kallona. Su sun gan ni sarai tun daga bakin ƙofa, ni ne makahon. Maginan gargajiya da suka yi wa zaure kauri suka bar masa 'yar taga can sama, sanyi suke nema da sutura, amma ginin nasu ya koya wa duk mai shiga ladabin dakatawa kafin ya buɗe baki.

Akwai kuma wani gwani, Olafur Eliasson, wanda aka haifa a Kofanhegan ta ƙasar Danmak a 1967. Daga watan Oktoba na 2003 zuwa Maris na 2004 ya rataya rana a cikin ɗaki a birnin Landan. Wurin shi ne babban zauren gidan nune-nune na Tate Modern, wanda a dā tashar wutar lantarki ce, tsawonsa mita 155. Ya haɗa fitilu wajen 200 masu launin rawaya tsantsa a bayan wani rabin faifai, ya shimfiɗa madubi a rufin zauren duka domin rabin ya cika ya zama da'ira, ya kuma riƙa fesa wani siririn hazo a iska. A ƙarƙashin irin wannan fitila duk wani launi yakan mutu, ba ya saura sai rawaya da baƙi. Mutum wajen miliyan 2 suka je kallo, a tsakiyar hunturun Ingila da rana ke wuya, da yawansu suka kwanta rigingine a ƙasa suna neman kansu a madubin sama kamar tururuwa. Abin da ya fi burge ni shi ne Eliasson bai ɓoye kome ba. Duk mai so yana iya takawa har ƙarshen zauren ya leƙa bayan ranar, ya ga fitilu da wayoyi da ƙarafa. A nan ne aikin nan ya rabu da na mai rufa-ido a kasuwa. Mai rufa-ido abincinsa yana cikin kada ka gane. Wannan kuwa so yake ka ga yadda aka yi, ka dawo ka sake kallo, ka tarar idonka har yanzu rana yake gaya maka.

Shi kuwa Turrell tun 1974 ya hango wani mataccen dutse mai aman wuta daga jirginsa a hamadar Arizona, mai suna Roden, ya mallake shi a 1977. Tun daga lokacin yake gyara bakin dutsen, yana haƙa ɗakuna da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, ɗaya daga cikinsu tsawonta ya kai mita 260, an saita ta da inda wata ke kaiwa a wani zagaye da yake yi sau ɗaya a cikin shekara 18 da 'yan watanni. Har yanzu ba a buɗe wurin ga kowa da kowa ba. Mutum ya ba da kusan shekara 50 na rayuwarsa domin ya gyara wa waɗansu wurin zama su kalli sama.

Da na kawo wannan zance a ɗakin labarai, wani abokin aikina ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan ai wasan ƙoshi ne. Mu da muke neman wutar da za mu caja waya, ina ruwanmu da wanda ya kunna fitila 200 don a kwanta a kalla?" Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin kuɗin da ake zubawa a waɗannan ayyuka ba kaɗan ba ne, kuma mai jin yunwa ba ya kallon adon akushi. Shi kansa Eliasson ya san da haka, don a 2012 ya haɗa kai da wani injiniya suka fito da wata 'yar fitila mai aiki da hasken rana domin wuraren da lantarki bai kai ba, musamman a Afirka. Amma na ce wa abokina darasin da ke cikin ɗakunan ya fi kusa da teburinmu fiye da yadda yake zato.

Ga misali. An taɓa aika wakilai biyu wani taron siyasa, ɗaya ya dawo ya ce fili ya cika maƙil ba masaka tsinke, ɗaya ya ce rabinsa wayam. Babu maƙaryaci a cikinsu. Na farko yana gindin dandamali ne, inda duk ya waiga kawuna yake gani. Na biyu ya hau kan wata katanga daga baya. Mai ɗaukar hoto kuma ya kawo hotuna da za su gaskata kowannensu, ya rage ga wanda zai yanka hoton ya zaɓi inda almakashi zai bi. Wannan yankan shi ne kafar da ke rufin ɗakin Turrell, kanun labari kuma shi ne fitilar da aka ɓoye a bayan dakali. Hoto ɗaya, in aka rubuta "masu zanga-zanga" a ƙarƙashinsa mai karatu zai ga abu guda, in aka rubuta "'yan tarzoma" zai ga wani, alhali fuskokin ba su sauya ba.

Masu riƙe da wayar zamani za su tuna da hoton wata riga da ya zagaya duniya a watan Fabrairu na 2015, waɗansu suka rantse shuɗiya ce da baƙi, waɗansu suka rantse fara ce da ruwan zinariya. Rigar shuɗiya ce da baƙi, amma kowace ƙwaƙwalwa ta yi nata ƙiyasin irin hasken da aka ɗauki hoton a ciki. Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne abin da wata ƙungiyar lauyoyi ta Amurka, Innocence Project, ta tattara: daga cikin mutum 375 da gwajin ƙwayar halitta ya wanke bayan an riga an ɗaure su, kusan kashi 70 cikin 100 akwai shaidar wanda ya ce ya gan su da idonsa a cikin abin da ya kai su kurkuku. Mu nan kuwa mun san abin da kalmar "na gan shi" take iya jawowa a tasha ko a kasuwa da almuru, sa'ad da aka yi ihun ɓarawo, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai gare shi. A yau kuma ga guntun bidiyo na daƙiƙa 20 yana yawo a waya, ba a san abin da ya faru kafinsa ba, ba a san abin da ke gefen da aka yanke ba, mutum dubu su kalla kowa ya tashi yana jin shi ganau ne.

Ba ina cewa a daina yarda da ido ba ne, domin wanda ya ƙi shaidar ido ba shi da wadda ta fi ta. Gani ya kori ji har gobe. Sai dai ganin da ke korar ji shi ne wanda aka ba shi lokaci, aka kuma san inda mai shi ya tsaya da irin hasken da ke wurin. Saboda haka in wakili ya ce mini ya gani da idonsa, nakan ƙara masa da cewa, "Daga ina ka gani, kuma minti nawa ka yi a wurin?" Amsar waɗannan ita ke nuna mini ko labari ya nuna ko da sauransa.

Wanda ke son ya ɗanɗana abin da na bayyana ba sai ya sayi tikitin jirgi ba. Tsakar gidan Bahaushe, da katangu 4 da sama a buɗe, ɗakin kallon sama ne wanda ba a biya ko kwabo. Ka shimfiɗa tabarma bayan faɗuwar rana ka kwanta rigingine, ka aje waya a ɗaki, ka sa yaro ya kunna fitilar ƙwai ko aci-balbal kusa da bango. Ka dubi yadda shuɗin sama zai ƙara duhu a kan jan hasken bangon, sa'an nan ka sa a kashe fitilar, ka yi haƙuri na rabin sa'a, ka ƙirga taurarin da za su fito waɗanda ɗazu da an tambaye ka sai ka rantse babu su. Jama'a, a huta lafiya, sai wani makon in muna da rai.